Wata a Kife

Shekara talatin da ɗaya, duk jinjirin watan da aka gani a ƙauyenmu, nan kusa da Filinge, mahaifina Malam Ibrah ne ya fara ganinsa. Ba shi da wani zurfin karatu, gonarsa ma ba ta kai a yi zancenta ba. Idon nan shi ne abin alfaharinsa. Ranar ashirin da tara ga azumi, liman ba ya jiran bakin kowa sai nasa.

Bana yanar ido ta rufe masa gani. Bai faɗa wa kowa ba. Ni ma na gane ne ranar da na same shi yana yi wa buhun gero sallama.

Ni fizik nake koyarwa a lise, wato sakandare, shekara sha huɗu ke nan, kuma na gaji. Muna da madubin hangen taurari da wata ƙungiya ta ba makarantar, yana ajiye a magaza, ɗakin ajiyar kaya. Na taɓa haɗa wa 'yan aji wani ɗan akwati da kwali da fasasshen faifan sidi, wanda ke rarraba hasken rana launi-launi, na ce da irin wannan ake sanin abin da ke cikin tauraro. Suka tambaye ni ko zai fito a jarrabawa. Tun daga nan na daina wahalar da kaina.

Amma ranar ashirin da tara na ɗaure madubin a bayan moto, babur ɗina, na bi rairayi da busasshen baki har gida. Ba na son tsohon nan ya ji kunya gaban mutane.

Muka hau tudun bayan gari mu biyu, nesa da masu jira a ƙofar masallaci. Da rana ta faɗi muka sha ruwa, muka yi magariba, na kafa ƙafafun madubin. Na yi ta lalube har wuyana ya ƙage, sannan na same shi, siriri kamar yankan farce.

Na ce, “Baba, sa ido nan.”

Ya duƙa. Ya daɗe, har na ji numfashinsa ya sake. Sai ya ɗago.

“Abdurrazak, mi ya samu watan ga? A kihe shi ke.”

“Madubin ne, Baba. Komi juya shi yake yi.”

Na karkata bakin madubin zuwa garken shanun wani makiyayi, Manu, da ke komawa ruga. Ya leƙa, ya ga shanu suna tafiya ƙafafu sama, ya yi dariya har da tari. Sannan ya bar dariyar, ya juyo gare ni.

“Jinjirin wata ƙwarya ce buɗe, bakinta sama. Haka ni san shi tun ina yaro. In liman ya ce, Ibrah, yaya ka gane shi, in ce mi? In ce a kihe?”

“Ka ce ka gani. Ai ka gani.”

“Abin da ya kihe shanun Manu ni gani.”

Raina ya ɓaci. Na yi masa bayanin gilashi da yadda haske ke gittawa, da muryar da nake yi wa 'yan aji, shi kuma ya saurare ni yadda suke saurarena. Ya miƙe, ya juya fuskarsa yamma, ya buɗe idanun nan iya buɗewa. Ya tsaya har jan sararin ya mutu.

A ƙofar masallaci mutane suka dare masa hanya yadda suka saba. Liman ya ce, “Malam Ibrah?”

“Ban gani ba.”

Can wani mai rediyo ya ce an gani a wasu garuruwa, Yamai, babban birni, ta ba da sanarwa, gobe salla. Aka watse ana murna. Ba wanda ya sake waiwayarsa, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.

A hanyar gida ya riƙe hannun rigata, abin da bai taɓa yi ba. Ina ɗauke da madubin a kafaɗa, ina ayyana gobe in mayar da shi magaza ya ci gaba da kwanciyarsa.

“Abdurrazak.”

“Na'am, Baba.”

“Kak ka maida abin ga tukuna. Gobe da marece mu koma tudu.” Ya ƙara riƙe hannun rigata. “Ko a kihen ne, ina son in ƙara ganinai.”