Ƙusar Mai Usur

Mugun hali ne shugaba ya mai da kunyata na ƙasa da shi abin ado, kuma mai yin sa shi yake kwana a ciki.

A kamfanin ɗinkin kayan makaranta layi biyu ne, kowanne da shugabansa. Shugaban na bakin ƙofa ana ce masa Mai Usur, domin ba ya kiran mutum sai da busa. A saman kowane keken ɗinki ya kafa ƙusa. Wadda ta ɓata riga, nan zai rataye mata ita ta yini tana lilo a kanta.

"Ku zo ku ga gwaninta!" in ji shi. "Da ƙafa kika ɗinka, ko barci kike?"

Na ƙurya kuwa wata dattijuwa ke riƙe da shi, Inna Mai Tabarau. Ita idan ka ɓata aiki sai ta jawo kujera ta zauna kusa da kai, ta rage murya: "Ina muka kauce, 'yar nan? Farke mu gani."

*

Wata rana da safe Maman 'Yan Biyu, tela a layin Mai Usur, ta ɗauki hannun rigar farko ta ga mai yanka ya gajarta shi. Ta duba na gaba, haka. Ta buɗe baki, sai idonta ya kai kan ƙusa. Ta haɗiye maganar, ta taka keke.

Da ta koma gida ta gaya wa mijinta. Direba ne, haɗari ya kwantar da shi, aikinta ke riƙe da gidan.

"Haba, ke kuwa! Ki faɗa masa mana."

"Maigida, ka taɓa yini da riga tana shafar goshinka, sa'o'in ƙannenka suna dariya? In na faɗa, cewa zai yi ni na ɓata."

A ɗaya layin kuwa, tun rigar farko wata ta ɗaga murya: "Inna, hannun nan kamar na ɗan tsana!"

"Allah Ya yi miki albarka. Kowa ya ɗage ƙafa daga keke!"

Ta je ta sa aka sake yanka. Ta biya ta wajen Mai Usur ta ce, "Ƙanena, duba hannayen rigunanku." Ya ce layinsa ba ya tsayawa don gulmar tsofaffi.

*

Ranar da makarantar da ta ba da aikin ta dawo da kayan, mai kamfani ya sa aka zube su a tsakar ɗaki. Mai Usur ya tsinci riga ɗaya ya nufi keken Maman 'Yan Biyu.

"Ranka ya daɗe, ga mai laifin. A sallame ta yau."

Inna Mai Tabarau ta taso a hankali, ta karɓi rigar daga hannunsa, ta tsaya tsakaninsa da ita.

"Ranka ya daɗe, a ba ni izinin tambaya ɗaya. 'Ya'yana, wa ya ga hannun nan gajere ne tun farko? Kada ku ji tsoro, ina nan."

Hannu ɗaya ya tashi. Sai wani. Sai layin Mai Usur duka.

"To me ya hana ku faɗa?" in ji mai kamfani.

Kowa dai ya ɗaga kai ya dubi ƙusar da ke samansa.

*

Aka haɗa layukan biyu a hannun Inna. Da kanta ta cire ƙusoshin, kuma ita ta roƙa aka bar Mai Usur a kan keke maimakon kora.

Ga abin da ya rasa: usur, kujerar bakin ƙofa, da gaisuwar safe. Ran farko zaren ƙasan keken ya ƙare masa, ya yi ta taka keke allura na huda banza. Ta damansa ta gani, ta hagunsa ta gani. Ba wadda ta tanka.