Kukan Birkin Gidaɗo

Godiya ta tabbata ga Allah Mai rayawa Mai kashewa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

A shekarun da arzikin fetur ya buɗe, Malam Gidaɗo yana da tsohuwar a-kori-kura da yake ɗaukar hatsi da ita daga Lajawa zuwa Wudil. Al'adarsa tun zamanin tsada, idan ya iso gangarar da ke gaban masallacin unguwarsu, sai ya kashe injin, ya bar motar ta silalo. Ba a jin komai sai birkinta, mai kuka kamar ana wasa wuƙa a dutse.

Da wannan kuka Ya'u ladan yake tsallaka titi. Makaho ne, gidansa na fuskantar masallaci. In ya ji kukan ya dakata, in shiru ya wuce.

"Bafillace," in ji Ya'u, wanda Babarbare ne abokin wasansa, "jakar nan taka mai taya huɗu ta fi ni murya. Ka ba ta ladanci mana."

"Ita aƙalla ba ta makara, bawana," in ji Gidaɗo.

Da Haladu, ɗan Gidaɗo mai aikin gwamnati a Kano, ya ji kukan nan, hankalinsa ya tashi. Ya kai motar gareji, aka zubar da tsohon birki, aka ɗaura sabo irin na zamani.

"Baba, yanzu ko da ɗan yatsa ka taɓa za ta tsaya. Kuma don Allah a daina kashe inji, mai ya yi araha."

Gidaɗo ya sa masa albarka. Babu wanda ya tuna da gaya wa Ya'u.

Washegari da azahar hannun Gidaɗo ya kashe injin kamar kullum. Motar ta gangaro ba sauti. Ya'u ya kasa kunne a bakin titi, ya ji shiru, ya yi bisimilla ya shiga.

Gidaɗo ya taka birki, motar ta tsaya cak, ko rigar Ya'u ba ta taɓa ba. Amma hucin ƙarfen da ya ji a fuskarsa ya firgita shi, ya ja da baya ya faɗi a kan ƙugunsa.

Bai ƙara tashi ba. Gidaɗo ya yini a gefen tabarmarsa yana neman gafara.

"Babu komai tsakaninmu," in ji Ya'u. "Sai dai na yi kewar muryar jakar nan."

Kafin damina Ya'u ya cika. A bayan motar aka ɗauki makararsa, injin a kunne har maƙabarta.

Wasu sun ce sabon birkin ne ya cece shi daga taya, wasu sun ce shi ne sanadi. Gidaɗo dai bai sake riƙe sitiyari ba.

Allah Ya jiƙan Ya'u da Gidaɗo, Ya haskaka kabarinsu, Ya kyautata ƙarshen mai karanta wannan. Amin.