Janar Ya Yi Ritaya

Baba ya ce zai rushe ɗakin aladu. Ta waya ya faɗa, ranar Asabar da yamma, ni da Yaya Hannatu muna cikin jirgin ƙasa na LRT da kayan miyan da muka sayo a kasuwar Chow Kit ta Kuala Lumpur. Ya ce idan macen aladenmu Mai Ɗigo ta sake haihuwa 'ya'yan suka mutu, shi ke nan. Zai kwashe sauran ya kai kasuwar Katsit, ya fasa ginin, ya shuka citta a wurin.

Ni da Mama muka gina ɗakin nan a ƙauyenmu, kusa da Zonkwa. Tana kwaɓa siminti, ina miƙa bulo. Bayan nan damina ɗaya kawai ta ƙara a duniya. Na kalli taga har muka sauka.

Yaya ce ta kawo ni Kuala Lumpur bayan na gama sakandare, don ta ce zamana a gida ya fara zama ciwo. Ina ɗaure wa 'yan kasuwa dilolin mayafai a titin Jalan Masjid India. Ita tana karatun digiri na uku a kan iri da gadon dabbobi. Tana zuwa wata gonar aladu ta 'yan China a bayan gari, inda sai ka yi wanka ka canza kaya kafin a bar ka ka shiga. Suna ɗibar ɗan gashi ko jini su karanta abin da dabba ta gada. Ta ce a can ba a barin namiji ya kusanci mace sai an san kakanninsa, an san ƙarfin ƙafarsu da yawan nonon iyayensu mata.

A gidanmu na Pantai Dalam tana yanka albasa ta fara yi mini tambayoyi.

"Yaya suke mutuwa, Manasseh?"

"Ƙanana suke zuwa. Ƙafa a warware. Ba sa iya kama nono."

"Sauran manyan suna zazzaɓi?"

"A'a. Suna ci kamar 'yan siyasa."

"To ba annoba ba ce. Wane ne ke hawan Mai Ɗigo?"

"Janar."

Janar shi ne namijin aladenmu. Fari, dogo, kunne kamar faifai. Baba ya saye shi bayan Yaya ta tafi jami'a, don haka a hoto kawai ta san shi.

"Uban Mai Ɗigo fa?"

"Janar."

Ta ajiye wuƙar. "Ba daga gidan Mama Laraba aka kawo ta ba?"

"Daga can ne."

Sai na yi mata bayani, don ni nake jan sa da igiya tun ina aji biyu. Duk unguwa Janar ake ara. Ba a biyan kuɗi. In mace ta haihu, mai ita ya kawo wa Baba 'ya ɗaya, kuma mace Baba yake zaɓa kullum, don mace ce ke ƙara garke. Haka ake yi tun zamanin kakanmu, sai dai a da namiji ba ya daɗewa a gida. Baba ne ya ƙi rabuwa da nasa.

"Uwar Mai Ɗigo?" ta tambaya a hankali.

Na yi tunani. "Ita ma tasa ce. Daga gidan fasto."

Yaya ta zauna a kan bokitin shinkafa. Na ɗauka kuka za ta yi. Dariya ta yi, har da riƙe ciki, hawayen albasa na zuba.

"Wato shi ne miji, shi ne uba, shi ne kaka. Yesu. Ni ina nan ina karanta jinin aladun mutane, nawa na gida suna auren kansu."

"Abin dariya ne?"

"Abin murna ne, ɗan'uwana. Na ji tsoron cuta ce a ƙasa ko a ruwa. Wannan yana da gyara. Duk wani ɓoyayyen aibi da Janar ke ɗauke da shi, in ya haɗu da jinin waje ba ya fitowa. In ya haɗu da kansa, sai ya fito. Sabon jini kawai ake so."

Washegari bayan coci ta kira Baba a bidiyo. Ta ce ƙawarta Glory likitar dabbobi ce a Kafanchan, za ta iya kawo maniyyin namiji zaɓaɓɓe, wanda aka san zuriyarsa, a cikin kula mai sanyi, ta sa wa Mai Ɗigo idan ta nemi namiji.

Baba ya matso da fuska har muna ganin hancinsa kawai.

"A cikin me?"

"Kula, Baba. A 'yar kwalba."

"Kwalba ce za ta zama uban aladuna? Hannatu, karatun da kika je yi ke nan? Janar ya cika rabin garin nan da 'ya'ya."

"Shi ne matsalar, Baba."

"Kar ki zage shi yana ji."

Yana ji kuwa. Ga gurnaninsa a bayan Baba.

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa. Malam Abdulgani ne, maƙwabcinmu, mutumin Gumel, yana karatun shari'a. Ya kawo mana kwanon masa da matarsa Mubina ta toya. Bai taɓa kiran sunan alade da bakinsa ba. Kullum cewa yake "dabbobin nan naku". Da ya ga dattijo a waya sai ya rusuna da kwanon a hannu.

"Ranka ya daɗe, Baba. Ina gajiya? Ya mutanen gida?"

Suka gaisa sosai. Yaya ta gaya masa abin da ake ciki, yana yamutsa fuska yana saurare.

"Baba, ni ban san dabbobin nan naku ba, kuma ba na son in sani. Amma a gidanmu rago ba ya shekara biyu a garke ɗaya. Muna musanya da na wani gari. In ka bar shi da 'ya'yansa, 'yan tumakin sai su zo kamar an jiƙa tsumma."

"Kai da ba ka ci, har da kai a sa baki?"

"Ba na ci, ranka ya daɗe. Amma tausayi ba shi da haram."

Baba ya yi dariya har wayar ta karkace muka ga sama. Amma bai yarda ba. Ya ce rago daban, Janar daban.

Ban yi niyyar magana ba. Na ji kaina ina cewa, "Baba, sau ɗaya. In sun mutu, ni zan dawo in riƙe gudumar da hannuna."

Ya daɗe yana kallona. Ya san wanda ya miƙa bulon.

"Ce wa yarinyar ta zo," ya ce, ya kashe.

Glory ta je a kan babur da kularta. Baba ya kulle Janar a bayan gida, ya ba shi ɓawon rogo da yawa don kar ransa ya ɓaci. Ta yi aikinta, ta bar wa Baba maganin ƙarin jini na jarirai, ta ce a wanke ɗaki, domin iri mai kyau ba ya hana datti kisa.

Sai jira. Kusan wata huɗu. Na ɗaure diloli. Ruwan sama ya yi ta zuba kowace yamma. Na daina tambaya, don in na tambaya Baba cewa yake, "Tana nan, tana ci."

Ranar da ya kira muna mamak ɗin ƙasan gidanmu, shagon shayi na Musulmi 'yan asalin Indiya, ni da Yaya da Malam Abdulgani da Mubina, bayan la'asar. A gida safiya ce. Yaya ta ɗaga, ta yi sauri ta kife wayar a ƙirji, ta dubi teburan da ke kewaye.

"Ba a nan ba lah. Mutane suna makan, abinci suke ci."

Muka fita da gudu muka laɓe a bayan baburan da aka jera. Ta buɗe.

Mai Ɗigo a kwance. A cikinta wasu abubuwa jajaye-jajaye suna ture juna, suna hawa kan juna, kowa ya kama nono ya ƙi saki. Ɗaya ya faɗo, ya miƙe da ƙafafunsa huɗu, ya koma da faɗa.

"Tun jiya suka zo," in ji Baba. "Na ƙi kira sai na ga sun kwana."

"Nawa ne?" Mubina ta tambaya, ta rufe hanci da mayafi kamar warin zai biyo waya.

"Goma," na ce.

"Sha ɗaya," in ji Malam Abdulgani. Ya juya mana baya, wai ba ya kallo. "Akwai ɗaya a ƙarƙashin ƙafarta ta baya."

"Malam, ta ƙeya kake gani?" na ce.

"Astagfirullah. Ido ne ya faɗa."

Yaya tana tsalle a kan kwalta, babbar mace mai shirin zama dakta. Ta fara gaya wa Baba cewa matan cikinsu ba za su taɓa haɗuwa da Janar ba, kuma daga yau in an kawo 'yar biya a sayar da ita ko a musanya da ta wani gari.

"Na ji, na ji. Fasto ma ya zo yana tambayar lambar mai kwalba. Janar ya yi ritaya. Ba mai yanka shi. Zai ci ya kwanta kamar tsohon soja."

"Baba, cittar fa?" na ce.

Ya juya wayar. Na ga bangon, na ga layin da Mama ta ja da yatsa a siminti don ruwa ya bi. A jingine da shi akwai sabon kwanon rufi guda biyu.

"Rufin yana yoyo ta gabas," ya ce. "Wa ya ɗora shi a karkace haka?"

"Ni."

"Na sani."

Muka koma ciki. Shayinmu ya huce. Malam Abdulgani ya ɗaga hannu ya ce a kawo wani, da gurasar roti huɗu, kuma kada kowa ya gaya wa mai shagon abin da ake murna.