Liƙin Gefen Hagu

Ranar Asabar da hantsi dabara ta ƙare wa Injiniya. Makonni ke nan tana ja wa mijinta rai: yau dalma ta ƙare, gobe wayar da ta samu ta yi kauri, jibi salular mutane ta taru mata a shago. Mijin nata, Kafinta, bai taɓa yi mata musu ba. Sai da suka gama karin kumallo ya biyo ta ɗakin baya inda teburin aikinta yake, ya dire mata sabon ƙullin dalma da naɗin siririyar waya, ya jawo kujera da ƙafa ya zauna.

"Na aika an sayo," in ji shi. "Saura me kuma?"

Babu saura, ita ma ta sani. Ta ɗauko hannun gem ɗinsu, abin da ake riƙewa a buga wasa a talabijin, daga kan akwatin talabijin, ta kife shi a tebur, ta fara kwance sukurori a hankali kamar wadda aka ce kowanne da guba a jikinsa.

Bara ne injin yankan katako ya raba Kafinta da hannunsa na hagu daga wuyan hannu. Tun da aka sallamo shi daga asibiti ya zama wani mutum daban. Ba faɗa, ba tsawa, da ma faɗan yake yi da ya fi mata sauƙi. In ta miƙa hannu za ta ɓalla masa maɓallin riga, sai ya ce, "Bar shi." In ta yanka masa nama a kwano, sai ya ture kwanon. In sun kwanta, bango yake fuskanta. Mutumin da a da sai ta toshe kunne saboda surutunsa, ya koma sai ta ƙirga kalmomin da ya yi mata a wuni.

Wata la'asar ta dawo daga shago ta tarar da shi gaban talabijin, ya danne hannun gem a cinya, yana ƙoƙarin juya majuyin hagu, ɗan sandan nan da ake turawa da babban yatsa, da haɓarsa. Wasan ƙwallo ne. Majuyin hagu shi ke sa ɗan wasa gudu, madannan dama su ke ba da ƙwallo su buga ta raga. Ta zauna a hagunsa ta kama rabin abin. Ga mamakinta bai ce ta bari ba. Tun daga ranar ita ke gudu shi ke bugawa, kafaɗa na gugar kafaɗa, yana ta yi mata ihu: "Ciki! Shiga ciki mana, Injiniya! Ke wai ido ne a fuskarki ko ado?" Saboda wannan masifar take rufe shago da wuri. A duk wuni, nan ne kaɗai take samun mijinta.

Sai ga shi wata rana ya nuna mata bidiyo a salula. Wani ne ya cire majuyin hagu, ya ja wayoyi zuwa wani babban majuyi a ƙasa, yana sarrafa shi da ƙafa. Kafin ta gama cewa abin da wuya, Kafinta ya shiga rumfar aikinsa da ya yi shekara bai leƙa ba. Da hannu ɗaya da gwiwa ya yanke katako, ya goge shi sumul, ya yi masa gangara daidai tafin ƙafarsa, ya dasa majuyin a tsakiya. Ta yi murna har da hawaye da ta ji ƙarar zarto a gidan. Da ta zauna ta yi tunani kuma sai gabanta ya faɗi, don ta gane abin da ake so ta yi da hannunta: ta ƙera abin da zai sa ba a bukatarta.

Yanzu ga katakon nan a jingine da ƙafar tebur, yana jiran wayoyi.

"Kashe fanka," ta ce. "Iska na huce min ƙarfen liƙi."

Ya miƙa hannu ya kashe. Nan take ɗakin ya ɗauki zafi. Ta zaro fanel ɗin, koren allon nan da duk hanyoyin wuta suke kwance a jikinsa, ta ɗaure shi a maɗauri ƙarƙashin madubin ƙara girma. Madubin yana da ɗan allon kallo a gefe, saboda haka duk abin da take gani shi ma yana gani. A shago tana son wannan allon, don yana rufe bakin masu cewa an canza musu kaya. Yau kam ji ta yi kamar an tsayar mata da alƙali a ƙeya.

Aikin farko shi ne cire tsohon majuyin. Ƙafafunsa sun ratsa fanel, kowace a cikin ɗan raminta, kowane rami da zoben tagulla kewaye da shi. A kan waɗannan zobban za ta liƙa wayoyin. Ta shafa man liƙi, ta ɗora bakin ƙarfe, dalma ta narke ta yi sheƙi, ta zuƙe ta. Ta koma ta gaba. Hayaƙi mai ɗaci ya riƙa tashi yana shigar mata ido.

"Hannunki na rawa," in ji Kafinta.

"Yunwa ce."

"Yanzu fa kika ci abinci."

"To ƙoshi ne. Maigida, don Allah ka bar ni in yi aiki."

Ya matso da kujera. Tana jin numfashinsa a gefen wuyanta. Rabon da ya matso ta haka ba tare da talabijin a kunne ba har ta manta.

Ƙafafun suka saki ɗaya bayan ɗaya, sai guda ta ƙi. Ta ƙara zafi, ta ƙara mai, ta jira. Duk wanda ya yi wata guda a wannan sana'a ya san ba a jan abin da bai saki ba, ita kuwa ta koya wa mutane da yawa hakan da bakinta. Amma zufa na gangaro mata cikin ido, zuciyarta na wani wurin, sai ta sa hantsaki ta ɗan girgiza majuyin. Ya fito. A jikin ƙafarsa ta ƙarshe, zoben tagullar ne maƙale, ya ɓantaro daga fanel har da guntun hanyarsa.

A allon kallo abin ya fito ƙato, ba wurin ɓoyewa. Inda zoben yake ya zama fili, ruwan ƙasa, babu abin da dalma za ta kama.

Can waje wani yana ta danna hon, wata maƙwabciya tana kiran ɗanta.

"Na mene ne wannan?" Kafinta ya tambaya, muryarsa a kwance.

"Na gaba da baya." Ta nuna wurin a allo. "In babu shi, ɗan wasa sai dai ya yi ta zirga-zirga hagu da dama."

"Shekara nawa kina aikin nan?"

Ta san abin da ke ƙarƙashin tambayar, kuma abin da ya fi ci mata rai shi ne ita kanta ba za ta iya rantsuwa a kan amsar ba. Ba ta yi niyya ba, Allah ya sani. Amma da zoben ya ɓantaro, kafin tsoro ya zo, wani sanyi ne ya fara ratsa ƙirjinta, kuma ta ji shi sarai.

"Ya mutu ke nan?" ya ce.

Ta dubi allon. Daga inda zoben ya tashi, hanyar ta ci gaba a ƙarƙashin koren fenti, siririya kamar gashi, ta lanƙwasa, ta je ta tsaya a wani ɗan ɗigo kusa da gindin wani ƙaramin ƙarfe. Ido bai cika kula da shi ba. In aka kankare fentin da ke kansa, akwai tagulla a ƙasa, kuma waya za ta iya kamawa. In hannu ya goce kaɗan, an yanke hanyar da ke maƙwabtaka da ita, shi ke nan fanel ya tashi aiki gaba ɗaya.

Kalma ɗaya ce tsakaninta da hutawa. In ta ce ya mutu, shi ke nan. Irin wannan hannun gem ɗin ya yi wuyar samu, kafin a samo wani a sake buɗe shi an ɗauki watanni, wataƙila ma zancen ya bi ruwa. Akwai wani tsohon hannun gem a shago da za ta iya kawowa su ci gaba yadda suke, ita a hagu shi a dama. Kafinta katako ya sani, bai san hanyar wuta ba. Bakinta har ya buɗe.

Idonta ya sauka kan katakon da ke jingine. A gefensa akwai wurin da zarto ya goce ya ci ciki, an cike shi da garin katako da gam, an goge har sai an lura sosai ake gani. Ta tuna yadda ta hango shi ta taga ranar, ya danne katakon da gwiwa, ya ciji leɓe, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

"Bai mutu ba," ta ce. "Akwai wani wuri. Miƙo min reza."

Ya miƙo. Ta share tafin hannunta a zani, ta kafa gwiwar hannu a tebur, ta riƙe numfashi. Bakin reza ya bayyana a allo kamar gatari. Ta kankara sau ɗaya, fenti ya yi fari. Ta sake, ya tashi kamar ƙura. A na gaba rezar ta ɗan zame, ta tsaya cak a bakin hanyar maƙwabta.

"Innalillahi," in ji Kafinta a hankali.

"Ban taɓa ta ba. Yi shiru."

Ta juya rezar ta ɗauko daga ɗaya gefen. Jan tagulla ya fara leƙowa, ɗan mitsitsi, bai kai kan allura ba. Ta ɗiga mai, ta taɓa shi da dalma, ya karɓa. Ta fere bakin waya, ta kawo ta da hantsaki. Wayar ta ƙi kwanciya, da ta saki sai ta miƙe. Ƙarfe a dama, hantsaki a hagu, kuma ana bukatar wanda zai danne jelar wayar daga baya.

"Kawo yatsanka," ta ce. "Nan. Danne, kada ka motsa ko da ka ji zafi."

Ya ɗora yatsa. Ta sauke ƙarfen. Dalma ta yi ƙyalli ta kwanta, ta ɗaga ƙarfen, suka tsaya a haka ba mai numfashi har ta daskare. Ta ja wayar kaɗan, ta ji ta kama. Ta ɗora mitar gwajin wuta, baki ɗaya a kan ɗigon, ɗaya a ƙarshen waya. Mitar ta yi ƙara, alamar wuta na wucewa.

Sauran wayoyin ba su ba ta wahala ba. Ta liƙa su, ta ɗiga gam a kan mai raunin don kada ta motsa, ta fasa ɗan rami a murfi ta zaro su, ta kai su gindin majuyin katako. Ta mayar da murfin, ta ɗaure sukuron ƙarshe.

A falo ya zauna a inda ya saba, ya cire takalmi, ya ɗora ƙafa a katako. Ya tura gaba, ɗan wasa ya ruga gaba. Ya ja baya, ya dawo. Kafinta ya yi wata irin dariya gajeriya, irin wadda ke fitowa ba shiri, ya sa dungulmin hannunsa ya goge ido. Ita tana tsaye a bakin ƙofa da tsumma a hannu. Daɗi ya kama ta, baƙin ciki ya kama ta, ta rasa wanda za ta saurara.

"Injiniya," ya ce, bai juyo ba. "Ɗigon nan na kusa da ƙaramin ƙarfe. Na san da shi."

Tsumman ya tsaya a hannunta.

"Mai bidiyon ya nuna shi. Ya ce in zobe ya tashi, can ake komawa. Na kalli abin nan har na haddace."

"Amma ka tambaye ni ko ya mutu."

"Na tambaye ki."

Ta dafa ƙofa. "Da na ce ya mutu fa?"

Ya amsa, idonsa na kan talabijin. "Da na ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri. Da ba ki ji komai daga bakina ba." Ya ɗan gyara ƙafarsa a katakon. "Kowa ya yi min ƙarya tun da abin nan ya faru. Likita, 'yan'uwa, abokai, kowa da irin tasa, wai don a lallashe ni. Ke kaɗai kika rage."

Sai yanzu ta ga bakin ramin da ta tsaya a kai ɗazu, da bakinta a buɗe.

"Ba na son a raba mu da wasan da muke yi tare ne," ta ce. "Shi ya sa na yi ta ja maka rai."

"Na sani." Ya danna madanni, aka busa usur, wasa ya fara. "To me kike yi a tsaye kamar baƙuwa? Zauna mana, ai ba korar ki aka yi ba."

Ta zo ta zauna. Ƙafarsa ba ta saba ba tukuna, ɗan wasan ya ɗauki ƙwallo ya yi waje da ita, ya dawo ya sake yin waje. Kafinta ya yi tsaki ya sake gwadawa. Yatsunta na hagu sai motsi suke yi su kaɗai, ta matse su a tsakanin gwiwoyinta, ta bar shi ya yi ta ɓatawa.