Ƙugiyar Sunan Ruƙayyatu

Jikana Naziru da Ruƙayyatu, jikar maƙwabciyata Muslimat, aiki ɗaya suke yi a kwamfuta, suna haɗa wa manoman Randagi manhajar sanin lokacin shuka. Mutum ɗaya ogansu zai tura Kaduna ya nuna aikin. Tun ba a zaɓa ba Muslimat ta fara tafiya tana ɗaga hanci.

Wai akwai wata aba cikin kwamfutar mai tattara rubutunsu ta dafa shi ya zama manhaja, da 'yan mataimakanta da ake liƙa mata, fulogin suke ce musu. Makon jiya lafiya lau. Ran Litinin girki ya ƙi nuna, amma a kwamfutar Ruƙayyatu kaɗai. Ta Naziru sumul.

Ni ban ce komai ba. Na dai leƙa ta katanga. "Yaya Muslimat, an ce kwamfutar jikar taki ta yi gardama? Allah sarki, kayan gwanjo sai haƙuri."

"Ki ji da bakinki, Ummi," in ji ta.

Kafin la'asar har masu awara sun ji.

A zaurena suka zauna, don nan sabis ke kamawa, ni kuwa ina tsintar wake bakin ƙofa. Yarinyar ta riƙa komawa baya tana gwada tsofaffin gyare-gyare, wannan ya yi, wancan ya ƙi, tana matsowa har ta tsaya kan guda.

"Malam Naziru, wa ya taɓa fulogin mai karanta sunayen folda?"

"Ni ne, nauyi na rage masa. Ai a wajena yana tafiya."

"Sunanka da harafi mai ƙugiya? Foldata sunana ne. Yana isowa kan ƙa sai ya shaƙe."

Ta cire ƙugiyar, abu ya tafi. Ta mayar, ya kife.

Na ce, "To ki bar shi a cire mana, 'yar nan! Rukayyatu ma ai suna ne."

Ta ce, "Kaka, ƙasa fa? Ƙwari fa? Duk fayilolin da za mu zuba nan gaba da ƙugiya suke."

Sakaran jikan nawa dariya ya yi. Ya gyara ɓarnarsa, sannan da hannunsa ya shaida wa oga cewa ita ta gano. Ina ta ƙyafta masa ido, ko kallona bai yi ba.

Ruƙayyatu ce za ta Kaduna. Da safe Muslimat ta shigo da kanta, tana wani sanyaya murya, wai in ara wa yarinya akwati. Na ba ta mai mataccen zif.