Abin da Mutanenki Ke Nema

Ƙanin mijinta ne ya kawo abin. Mai gyaran waya ne a bakin kasuwa, kowa na kiransa Injiniya duk da ko ƙofar makarantar injiniyoyi bai taɓa leƙawa ba. Ya shigo shagon kitsonta da hantsi, ya ture kwandon gashin roba daga kan benci, ya zauna ya miƙo hannu.

"Matata, kawo wayar nan in maishe ki attajira."

"Kai da ko man babur sai ka roƙi yayanka?" in ji Uwar Biyu, hannayenta na cikin kan wata. Amma ta nuna masa wayar da haɓa.

Ya ce injin bincike ne, irin wanda ta saba tambaya komai, sai dai shi wannan biyan mutum yake yi. Duk tambayar da ta yi za ta sami maki, makin kuma ya zama kati ko data. In ta saka wani, duk binciken da ya yi tana da kaso.

"Ni ne samanki, ke kuma saman duk wadda kika kawo."

"To su me suke samu?"

"Talla mana. Ke dai ci rabonki."

Shagon kitso wuri ne da mace ke zama yini guda da waya a hannu, ba ta da abin yi sai latsawa. Kafin a ankara Uwar Biyu ta saka mahaifiyarta, da mijinta direban motar kaya, da maƙwabta, da kusan duk wadda ta taɓa ɗora kai a gwiwarta. Matan suka raɗa wa manhajar suna Mai Kyauta. Ta daina sayen data, har ta fara tura wa ƙannenta.

Wata rana tana jiran ruwan tsoma jelar kitso ya tafasa, saƙo ya shigo. Ana taya ta murna, ta zama jagora, an buɗe mata sabon shafi mai suna Mutanenki, domin ta riƙa ƙarfafa musu gwiwa. Ta buɗe. Sunayensu ne a jere, ƙarƙashin kowane kuma ga abin da mai shi ya tambaya.

Da farko dariya ta yi har da riƙe ciki. Inna, mahaifiyarta, tambaya ɗaya take ta maimaitawa kan ciwon gwiwa don maki su taru. Baban Biyu ba ya wuce ƙwallo da farashin taya. Maƙwabciyar da ke cika baki da iya girki ta tambayi yadda ake hana shinkafa caɓewa. Tana cikin gangarawa ta iso kan Malama.

Malama ita ke koyar da ajin 'yan biyunta, mace mai dariya da ƙarfi wadda ba ta shigowa shagon ba tare da alewar yara a jaka ba. Ƙarƙashin sunanta an rubuta: ƙulli a nono marar zafi. Sai kuma: ko ƙulli na ɓacewa da kansa. Sai: in an cire nono ana rayuwa.

Ruwan ya tafasa ya zube a kan risho kafin Uwar Biyu ta tuna da shi.

Ranar Asabar Malama ta zo kitso kamar kullum, da alewarta da dariyarta. Uwar Biyu ta tsaga kan, ta shafa mai, ta kasa haɗa ido da ita a madubi. An kai rabi sai wayar Malama ta yi ƙara. Ta ɗauka kanta na sunkuye, don haka Uwar Biyu ta ji muryar, ta namiji ce, mai laushi, ya gaishe ta da cikakken sunanta. Ta ji wuyan Malama ya sandare a ƙarƙashin yatsunta.

"Wa ya ba ka lambata?" in ji Malama. Ta saurara. "Wane magani? Wa ya ce maka ba ni da lafiya?"

Ta kashe wayar ta kife ta a cinya. Sauran matan suna ta hirarsu, ba wadda ta lura. Can Malama ta ce a hankali, kamar da bango take magana, "Ko mijina bai sani ba."

A nan ne Uwar Biyu ta tuna nata tambayoyin. Ƙaramar cikin 'yan biyun tana faɗuwa tana shure-shure tun bara. Likita ya ce farfaɗiya ce, ya ɗora ta a kan magani, ita da mijinta kuma suka bar maganar a tsakaninsu, ko dangi ba su gaya wa ba, don kar a riƙa janye yara daga kusa da ita. Amma wayar ta ji komai. Ta tambaye ta abin da za a yi in yarinya ta faɗi, da ko ana warkewa, da ko za ta yi aure.

Tana gama kan Malama ta bar shagon a buɗe ta nufi kasuwa. Ta sami Injiniya a ƙarƙashin lemarsa, ya duƙufa kan cikin wata waya da ɗan ƙarfe mai zafi.

"Kana gani, ko?"

Bai ce mata matata ba. Ya ajiye ƙarfen, ya duba hagu da dama.

"Na gani. Wallahi ban gaya wa kowa ba, ko Yaya ban nuna masa na sani ba."

"Kai kuma wa ke samanka?"

"Ban san shi ba. A wani zaure na waya na tsinci abin, lamba ce kawai, in ka kira ba ta shiga."

"To goge min shi yanzu."

Ya karɓi wayar, ya latsa, ya juyo mata da fuskar. An rubuta cewa in ta fita, mutanenta da duk bayanansu za su koma hannun wanda ke samanta, bayananta kuma kamfani zai ci gaba da adanawa kamar yadda ta amince ranar da ta shiga.

"Ni ma abin da ya hana ni fita ke nan," in ji shi. "Gara kuna hannuna da hannun wanda ban sani ba." Ya rage murya. "Wasu mutum biyu sun zo nan. Suna so in riƙa saka shi a duk wayar da aka kawo gyara, ba sai mai ita ya sani ba. Sun san inda nake kwana, Anti. Sun san sunan yarinyar da nake nema."

"Me ka ce musu?"

"Ban ce e ba, ban ce a'a ba."

Nata baƙon ya zo cikin makon da ya biyo. Da rana tsaka ne, shagon ba kowa, tana tsince gashi daga mataji. Ya yi sallama ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba. Mutum ne tsaf-tsaf, rigarsa a goge, takalminsa ba ƙura, murmushi bai bar fuskarsa ba. Muryar ta yi mata kama da wadda ta ji a wayar Malama, amma ba za ta iya rantsewa ba.

"Uwar Biyu, jagorarmu. Kwana biyu mun ga kin yi sanyi, muka ce ko lafiya."

"Aiki ne ya yi yawa."

"Haka ne. Ya jikin ƙaramar?"

Matajin ya faɗi daga hannunta. Ya sunkuya ya ɗauko, ya miƙa mata.

"Muna da likitoci da muke aiki da su, kada ki damu. Mu dai abin da muke so kaɗan ne. Kina cikin zauren iyayen yara na makarantarsu, ko? Wadda ke bayan gidan mai, da ake tashi da azahar. Ki tura musu, su ma su amfana. Iyaye suna jin maganarki." Ya gyara agogonsa. "Gara su ji alheri daga bakinki, da su ji wani abu daga wani wuri."

Ya yi mata sai an jima, ya tafi a ƙafa, bai waiwayo ba. Ta ja ƙofar shagon, ta tari babur zuwa makarantar, ta tsaya a bakin get har aka tashi. Yaran suka fito riƙe da hannun juna, suna mamakin ganinta.

Da yamma ta gaya wa Baban Biyu komai. Ya daɗe yana juya wayarsa a hannu, sannan ya ce abin da mutumin ke riƙe da shi a kansu ɗaya ne, kuma su ma za su iya faɗinsa da bakinsu. Washegari suka je wajen shugabar makaranta tare, suka gaya mata ciwon yarinyar, daga can suka wuce gidan iyayensa. Surukarta ta yi kuka, ta yi faɗa don an ɓoye mata, sannan ta ɗora yarinyar a cinya.

Malama ce ta fi wuya. Uwar Biyu ta same ta a aji bayan an tashi, ta gaya mata abin da shafin ke nunawa. Malama ta saurara har ƙarshe tana tattara alli.

"Ke nan duk zaman da na yi a gabanki kin sani."

"Na sani. Don Allah ki bari in raka ki asibiti, ba wajen mutumin nan ba."

"Na riga na je wajensa," in ji Malama. "Ya ce wata uku zan sha maganinsa, kada in bari a taɓa ni da wuƙa." Ta rufe jakarta ta fita. Daga baya Uwar Biyu ta ji 'yar'uwar Malama ta kai ta asibitin, amma ba ta ƙara zuwa kitso ba.

Sauran matan da ta gaya wa, wasu sun goge, wasu sun zage ta, wasu kuma suka ce su ba su da abin ɓoyewa, data kyauta ba za su bari ba. Inna ta ce ita dai gwiwarta ce, kowa ma ya sani. Injiniya ya naɗe lemarsa ya koma wata kasuwa, ya daina zuwa gidan sai jefi-jefi.

Uwar Biyu ta karya layinta, ta sayi ƙaramar waya mai maɓallai da sabuwar lamba, ta ba mutane ƙalilan. Ita ke kai yaran makaranta yanzu, ita ke ɗauko su, ko da ta bar kan wata a tsage.

Wata safiya suna hanya, sabuwar wayar ta yi ƙara. Lambar ba suna. Ta ɗauka ta kara a kunne.

"Uwar Biyu, ina kwana," in ji muryar. "Ashe kin canza layi ba ki sanar da mu ba."

Ta kashe, ta damƙe hannun yaran, ɗaya dama ɗaya hagu. Babbar ta ce, "Umma, kina matse ni." Ta sassauta kaɗan, suka tsallaka titi.