Ɗigon Jan Farce

Ɗigon ja na fara gani. Basiru ya jera koyil huɗu a kan buhun da ya shimfiɗa gefen mota, kowanne da alama a kansa: na farko ɗigo ɗaya, na biyu ɗigo biyu, haka har na huɗu. Na zo mayar da rariyar da muka ara ne, sai na tsaya a bakin zaure ina kallo.

Motar Malam Iliyasu ce, maƙwabcinmu da katanga ɗaya ta raba mu. Ƙarama ce fara, ya saye ta bayan ya bar koyarwa. Tun da ciwon zuciya ya kama shi ba ta zuwa ko'ina sai asibitin Bici, kuma 'yarsa Aina'u, ƙawata, ita ke tuƙa shi. Da kansa ya koya mata a filin firamare, mutanen gari suka yi surutunsu suka gaji.

Basiru ɗan ƙanin Malam ne. A gidan ya tashi tun yana maraya, Malam ne ya kai shi koyon gyaran mota. Yanzu yana haya tsakanin Tsanyawa da Bici da mota irin ta Malam sak, sai dai tasa shuɗiya ce.

Malam na zaune a inuwar darbejiya yana lura da aikin. Fulogi ake canzawa, kuma ba a kaiwa gare su sai an cire koyil ɗin da ke kansu, masu ba su wuta. Da ya ga inda idona yake, sai ya ce Aina'u ce ta ɗiɗɗiga musu jan farcenta, don kowanne ya koma ramin da aka ciro shi.

"Baba, koyil bai san gidansa ba," in ji Basiru yana dariya. "Duk ɗaya ne."

"Ni na sani ai. Yi aikinka, sarkin gaggawa."

Basiru ya hure ƙasar da ke bakin ramin, ya zura dogon sifana ya murɗa a hankali. Fulogin ya fito baƙi wuluk. Ya nuna wa Malam, ya ce ga abin da ke shan masa mai nan. Ana cikin haka aka kira azahar. Malam ya miƙe da sandarsa, Basiru ya ce ya yi gaba, yanzu zai ƙarasa ya biyo shi. Ni ma na shige wurin Aina'u.

Da muka fito an rufe komai. Basiru ya tayar da motar, injin yana ɗan rawa. Ya ce haka sabon fulogi yake yi, sai ya zauna. Malam ya sa masa albarka, har ya sa aka ɗebo masa gyaɗa.

Ranar Laraba da hantsi Inna Hure, matar Malam, ta leƙo ta katanga ta ce in zo. Na tarar da Malam ya dafe ƙirji, gumi ya jiƙa masa riga. Muka sa shi a baya, kansa a cinyar Inna, ni na zauna kusa da Aina'u. Tun daga ƙofar gida motar ke fizga kamar akuyar da ake ja zuwa kasuwa. Da muka wuce kwalbati, inda hanya ta ɗan hau, sai ta mutu. Gero ya tsaya dama da hagu, ya fi mutum tsawo, babu kowa.

Aina'u ta yi ta murɗa makulli, motar ta ƙi tashi. Ta kira Basiru, ya ce yana Tsanyawa da fasinja, ta ƙara ba ta wuta kawai.

"Bar ta, Aina'u," Malam ya ce a hankali. "Buɗe mini gilas."

Na buɗe. Ya daɗe yana kallon gonakin, ya ce geron bana ya yi kyau, sannan ya koma salati. Can sai ga a-kori-kura ɗauke da taki. Mutanen cikinta suka kwantar da shi a kan buhuna. Ba mu kai Bici ba Inna Hure ta ja mayafinta ta rufe masa fuska.

Basiru ne ya janyo motar da igiya zuwa gida. Yana cikin waɗanda suka haƙa kabarin. Babana ya ce bai ga wanda ya yi kuka kamarsa ba, har sai da liman ya yi masa magana.

Ranar addu'ar uku, bayan la'asar, 'yan'uwan Inna da suka zo daga Tsanyawa suka yi shirin komawa. Basiru ya ce shi zai kai su, sai dai motarsa na son ruwa. Ya yi magana daga zaure a kawo masa. Aina'u ta ɗauki buta, na bi ta don tun safe take jiri.

Ya ɗaga bonet, ya sa tsumma yana kwance murfin ruwan. Injin motarsa ba shi da rufi. A samansa koyil huɗu ne a jere, an goge su da mai, amma jan farce ba ya fita da mai. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya ma mayar da su bi da bi, yadda Malam ke so.

Na kalli Aina'u. Idonta na wurin. Basiru ya miƙo hannu don karɓar buta, da ya ga ba a ba shi ba sai ya bi inda take kallo. Hannun ya tsaya a iska.

"Na motata ne suka fara ba ni matsala," ya ce ƙasa-ƙasa. "Na ga Baba ba ya fita kullum. Aro na yi, wallahi da niyyar mayarwa..."

A bayansa matan Tsanyawa na ta gyara zama a cikin mota, wata na cewa Allah ya yi wa yaron nan albarka, shi ne ɗan da Malam bai haifa ba.

Aina'u ta durƙusa ta ajiye butar a ƙasa, kusa da ƙafarsa, a hankali yadda ko ɗigo bai zuba ba. Ta gyara hijabinta, ta wuce farar motar da ke ƙarƙashin darbejiya, igiyar na ɗaure a gabanta har yanzu, ta shige zaure.